Tattaki Zuwa Santiyago: Tambayoyi da Amsoshi Kan Hanyar Ziyarar Kiristoci ta Sifaniya

Kowace shekara mutane dubu ɗaruruwa kan rataya jaka a baya su ratsa gonaki da duwatsu da ƙauyukan arewacin Sifaniya a ƙafa, wasu mako guda, wasu fiye da wata, har su kai birnin Santiyago de Compostela da ke yankin Galisiya. A can suna kiran hanyar Kamino. Ga tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin wanda ya fara jin labarinta.

Me ke Santiyago da har ake wannan wahala dominsa?

Kabari ne. Cocin Katolika ya yarda cewa a ƙarƙashin bagadin babbar majami'ar birnin aka ajiye ƙasusuwan Yakubu ɗan Zabadi, ɗaya daga cikin almajirai goma sha biyu na Yesu Almasihu. Littafin Ayyukan Manzanni ya ce Sarki Hirudus ne ya sa aka kashe shi da takobi a Urushalima, wajen shekara ta 44. Labarin da mutanen Sifaniya suka gada ya ɗora da cewa almajiransa sun sa gawarsa a jirgin ruwa suka kawo ta gaɓar Galisiya suka binne, aka manta da wurin har farkon ƙarni na 9, lokacin da wani mai zaman kaɗaici ya ga haske a wani daji ya sanar da bishof. Sarki Alfonso na Biyu na Asturiyas ya taso daga Oviedo ya zo ya gani, ya sa aka gina ɗan coci a kan kabarin.

Majami'ar da ke tsaye yanzu an fara gininta a 1075, aka keɓe ta a 1211. A wancan zamani Santiyago ta shiga sahun Urushalima da Roma a wuraren ziyara uku mafi daraja ga Kiristocin Turai.

Da gaske ƙasusuwan nasa ne?

Wannan magana ce ta bangaskiya. An ɓoye ƙasusuwan a 1589 don tsoron farmakin jiragen ruwan Ingila, suka ɓace kusan shekara ɗari uku, aka tono su a 1879, Fafaroma Leo na 13 ya tabbatar da su a hukumance a 1884. Masana tarihi da yawa ba su gamsu cewa Yakubu ya taɓa taka Sifaniya ba. Martin Luther ma, wanda ya jagoranci ɓallewar Furotesta daga Cocin Katolika, tun a zamaninsa ya yi wa ziyarar ba'a, don haka Kirista ɗan ECWA ko Baftis ba zai ɗauki kabarin yadda ɗan Katolika ke ɗaukarsa ba. Duk da haka suna cike da hanyar, tare da waɗanda ba ruwansu da addini ko kaɗan.

Hanya ɗaya ce?

A'a. Asali kowa daga ƙofar gidansa yake tashi, shi ya sa hanyoyin suka yi rassa ko'ina a Turai. Wadda ta fi suna ita ce Hanyar Faransa, daga garin Saint-Jean-Pied-de-Port a gindin duwatsun Pirenis da ke kan iyakar Faransa da Sifaniya, kimanin kilomita 780, wato ta fi nisan Kano zuwa Maiduguri da tazara mai yawa. Tana bi ta Pamplona, Logroño, Burgos, León, Astorga da Sarria. Mai matsakaicin ƙarfi yakan gama ta cikin kwana 30 zuwa 35.

Ta biyu a cika ita ce ta Fotugal: kimanin kilomita 240 daga Porto, fiye da 600 daga Lisbon. Akwai ta bakin tekun arewa daga Irún, sama da kilomita 800, mai kyan gani amma hawa da sauka ba iyaka. Akwai tsohuwar hanyar Sarki Alfonso daga Oviedo, kimanin 320, gajera mai wuya. Akwai ta Ingilishi daga Ferrol, wadda ba ta kai mako guda ba. Sai ta kudu daga Seville, kusan kilomita dubu, inda mutum kan yi rabin yini bai ga gari ba.

Wanda bai taɓa yi ba, ta Faransa ko ta Porto ya dace da shi, domin masauki da ruwan sha ba sa nisa da juna.

Yaya ake gane hanya a cikin daji?

Kibiya ruwan ɗorawa. An zana ta da fenti a jikin duwatsu, bishiyoyi, katangu, turakun lantarki, har a kan kwalta. Wani limamin cocin ƙauyen O Cebreiro mai suna Elías Valiña ne ya fara wannan aiki a shekarun 1980, lokacin da hanyar ta kusa shafewa. Alama ta biyu ita ce kumbar teku mai tsage-tsage, wadda masu tattaki ke ɗaurawa a jaka. A Galisiya kuma an kafa duwatsun alama da ke nuna sauran nisan. Idan ka yi minti goma sha biyar ba ka ga kibiya ba, koma baya inda ka ga ta ƙarshe. A cikin manyan birane ma aka fi ɓata, ba a daji ba.

Yaya yinin mai tattaki yake?

Tun da asuba ɗaki ke cika da ƙarar leda da hasken tocila. Yawanci kafin ƙarfe bakwai an kama hanya da ciki wayam, sai an yi kilomita biyar ko shida a tsaya a shagon ƙauye na farko a sha kofi da burodi. Ana yin kilomita 20 zuwa 25 a yini, a isa masauki tsakanin ƙarfe ɗaya da uku na rana. Daga nan abin da ya rage kullum iri ɗaya ne: wanka, wankin kayan da aka cire, shanya, duba ƙafa, ɗan barci, neman abinci. Ƙarfe goma na dare ake kulle ƙofa a kashe fitila, ƙarfe takwas na safe kuma dole kowa ya fita.

Gaisuwar hanya ɗaya ce, "Buen Camino". Manomi a kan tarakta zai ce maka ita, tsohuwa a bakin taga za ta ce maka ita, kai ma ka mayar.

Abin da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba shi ne mako na farko ya fi kowanne zafi. Ranar farko ta Hanyar Faransa yawancinta hawan dutse ne, kimanin kilomita 25 zuwa Roncesvalles, ana hawa har sama da mita 1,400. Da yawa a nan suke lalata gwiwa saboda ɗoki. Ana iya raba ta biyu a kwana a Orisson idan an kama gado tun da wuri. Sannu ba ta hana zuwa.

Ina ake kwana?

A masaukan maziyarta, waɗanda suke kira albergue. Wasu na ƙaramar hukuma ne, wasu na coci ko gidan zuhudu, wasu na 'yan kasuwa. Gadaje ne masu hawa biyu a ɗaki ɗaya, mutum takwas, ashirin, wani wurin fiye da hamsin, kuma galibi maza da mata a haɗe. Wanda wannan bai kwanta masa ba sai ya kama ɗaki nasa a ƙaramin otal, ya biya ninki uku ko huɗu.

A masaukan hukuma wanda ya riga zuwa shi ke samun gado, mai ƙafa yana gaban mai keke, kuma dare ɗaya ake yi sai in da rashin lafiya. Akwai kuma na sadaka, inda ba a yanka kuɗi, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa a akwati. A ganina waɗannan ne suka fi riƙe ruhin hanyar. A Grañón, alal misali, a cikin ginin cocin ake kwana a kan katifu a ƙasa, a dafa abinci tare, a ci tare, a wanke kwanuka tare. Masu kula da irin waɗannan wurare 'yan sa kai ne, yawanci tsofaffin masu tattaki da suka dawo su yi mako biyu suna hidima. Kuma a sani, "abin da ya sawwaƙa" ba kyauta yake nufi ba. Abin da ka jefa yau da shi za a ciyar da baƙin gobe.

Abubuwa biyu ke hana barci: minshari da kuɗin cizo. Na farko abin toshe kunne ke maganinsa. Na biyu, duba ɗinkin katifa kafin ka kwanta, kada kuma ka ɗora jaka a kan gado.

Mece ce takardar da ake buga wa hatimi?

Fasfon mai ziyara ne, ana samunsa a ofishin maziyarta na inda ka fara, ko a coci ko masauki, da kuɗi kaɗan. Ba ka samun gado a masaukin hukuma sai da shi. Kowane masauki, coci da shagon kofi na da hatiminsa. Idan ka isa Santiyago ka kai shi Ofishin Maziyarta, su duba su ba ka Compostela, takardar shaida da aka rubuta da Latin, kyauta. Sharaɗin shi ne ka yi aƙalla kilomita 100 a ƙafa ko a kan doki, ko 200 a keke, da hatimi biyu kowace rana a wannan zango, kuma ka ce niyyarka ta addini ce ko ta ruhi. Akwai wata takarda daban mai nuna yawan kilomitocin da ka taka, ita ana biya.

To me ya sa kowa bai tsaya a kilomita 100 ɗin ba?

Ai da yawa haka suke yi. Garin Sarria yana kimanin kilomita 115 daga Santiyago, kuma babu inda aka fi tashi kamarsa. Daga nan hanya takan cika da 'yan makaranta da ayarin masu yawon buɗe ido da motoci ke kai musu kaya gaba. Wanda ya taso tun daga Faransa yakan ji kamar an shigo masa ɗaki ba sallama, wasu har su riƙa hararar sababbin. Wannan raini bai da tushe: mai aiki da aka ba hutun mako ɗaya, ko dattijo mai ciwon gwiwa, iyakar abin da zai iya ke nan.

Sai dai wanda ke da lokaci kuma ya tsallake tsakiyar hanya ya yi asara. Tsakanin Burgos da León akwai fili mai suna Meseta, kimanin kilomita 180 na gonakin alkama, ba inuwa, ba abin kallo sai sararin sama. Bayan Carrión de los Condes akwai zangon kilomita 17 da babu ƙauye ko ɗaya. Mutane da yawa kan hau bas su wuce wannan yanki wai gundura gare shi. Amma a lokacin ne ƙafa ta riga ta saba, jiki ya daina kuka, ba abin da ya rage wa mutum sai tunaninsa da addu'arsa. Wanda ya zo don ibada, a nan yake samun abin da ya zo nema fiye da a cunkoson ƙarshe.

Me ake gani a karkarar?

Ƙasar tana sauya kama kusan kowane mako. Nabara duwatsu ne da dazuzzuka, Riyoha gonakin inabi a jar ƙasa, Kastiya alkama da garken tumaki, Galisiya kore shar da shanun madara da ƙananan rumbunan dutse da aka ɗora kan ginshiƙai don kada ɓera ya kai ga masara. A kan hasumiyar coci-coci za ka ga manyan sheƙuna na wasu fararen tsuntsaye masu jan baki, dangin shamuwa. Da yawansu idan sanyi ya shigo sukan tsallaka ta mashigin tekun Jibralta su zo yankin Sahel.

A Santo Domingo de la Calzada akwai zakara da kaza farare masu rai a cikin keji a cikin majami'a, saboda wani tsohon labari na saurayin da aka rataye bisa ƙazafi, kajin da aka gasa wa alƙali suka tashi suka yi cara don shaidar gaskiyarsa. Shi Domingo da garin ya ci sunansa, wanda ya rasu a 1109, aikinsa gina gada da hanya da masauki ne domin matafiya. Bayan Astorga kuma, a tsayin kusan mita 1,500, akwai Cruz de Ferro, ƙaramin gicciyen ƙarfe a kan dogon gungume. Al'ada ce mutum ya taho da tsakuwa daga gida ya ajiye a gindinsa, alamar sauke wani nauyi da ke ransa. Tulin duwatsun yanzu ya zama tudu.

Ƙauyuka da dama a wannan hanya sun kusa mutuwa a ƙarni na 20 da matasa suka kwarara birane. Foncebadón, kusa da gicciyen, ya kusa zama kufai sarai. Masu tattaki ne suka dawo da hayaƙi a gidajensa. A tsakiyar shekarun 1980 waɗanda ke karɓar takardar shaida a shekara 'yan ɗaruruwa ne zuwa dubbai kaɗan. A 1993 suka kai kusan dubu ɗari, shekarar da UNESCO ta sa Hanyar Faransa cikin kayan tarihin duniya. A 2024 kuwa sun kusa rabin miliyan.

Musulmi zai iya bi?

Babu mai tambayar addininka a masauki ko a hanya, kuma ba a tilasta wa kowa shiga coci. Ko ya dace mutum ya yi tafiyar, wannan tsakaninsa da malaminsa ne. Tattaki don ibada dai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu sun bi ta Borno da Chadi da Sudan a ƙafa zuwa Makka, wasu shekaru suka yi a hanya, wasu suka zauna a can har zuriyarsu na nan yau.

Amma ya san abu biyu. Na ɗaya abinci: naman alade yana cikin kusan komai, har miyar wake da romon ganye da ake gani kamar ba nama a ciki, kuma abincin maziyarta da ake sayarwa kan zo da giyar inabi sai ka ce ruwa kake so. Mafita ita ce kifi, wainar ƙwai da dankali, cuku, burodi, 'ya'yan itace, ko ka dafa da kanka a kicin ɗin masauki. Mahautan halal sai a manyan birane.

Na biyu tarihi. Wannan hanya ta bunƙasa ne a zamanin yaƙe-yaƙen daulolin Kirista da Musulmin Andalus. A 997 Almansur, mai riƙe da ragamar daular Ƙurɗuba, ya ci Santiyago da yaƙi ya rushe cocin, amma bai taɓa kabarin ba. Ƙararrawar cocin aka kwashe zuwa Ƙurɗuba, aka dawo da su bayan Kiristoci sun karɓe birnin a 1236. A wasu coci-coci za ka ga siffar Yakubu a kan farin doki da takobi yana tattake mayaƙan Musulmi, abin da ya samo asali daga labarin wani yaƙi a Clavijo da masana tarihi ke ɗauka ƙirƙira ne. Gara mutum ya san da wannan kafin ya ci karo da shi.

Wane lokaci ya fi?

Mayu, Yuni, Satumba da farkon Oktoba. Yuli da Agusta akwai cunkoso da zafin da kan haura digiri 35 a Meseta. Mutumin Sakkwato zai ce wannan ai wasa ne, kuma da gaskiyarsa. Abin da zai kayar da shi ruwan Galisiya ne, wanda kan wuni yana yayyafi da iska mai sanyi ko da a bazarar Turai. Da hunturu masaukai da yawa na rufe, kuma an haramta bin hanyar saman Pirenis daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris.

A lura da Shekara Mai Tsarki, wato duk shekarar da 25 ga Yuli, ranar idin Yakubu, ta faɗo Lahadi. An yi a 2010 da 2021, mai zuwa 2027. A irin wannan shekara ake buɗe wata ƙofa ta musamman a bayan majami'ar, jama'a kuma su ƙaru ƙwarai.

Me zan ɗauka?

Ƙa'idar da aka saba ita ce kada jaka ta wuce kashi goma cikin ɗari na nauyin jikinka. Kaya kala biyu ko uku masu saurin bushewa, rigar ruwa, rigar sanyi ɗaya, jakar barci mara nauyi, tawul ƙarami, sabulu guda na wanka da wanki, silifas, hula, gorar ruwa, caja. Duk abin da ka ce "ko da za a buƙata", bar shi a gida. Akwai kantin magani da shaguna a hanya.

Takalmi shi ne komai. Kada ka zo da sabo fil. Ya ɗan fi ƙafarka girma, domin ƙafa na kumbura, kuma ka yi makonni kana yawo da shi da jakar a bayanka kafin tafiya. Safa mai kyau, shafa basilin da safe, cire takalmi a sha iska duk inda aka huta. Da ka ji wuri ya fara zafi, tsaya ka manna filasta kafin ya zama bororo. Wanda bayansa ba ya ɗaukar kaya, akwai kamfanoni, har da gidan wayan Sifaniya, da ke kai jaka masauki na gaba da 'yan yuro kaɗan.

Nawa ake kashewa?

Mai tsimi da ke kwana a masaukan hukuma yana dafa wasu abincinsa zai iya rayuwa da yuro 35 zuwa 50 a yini. Ka riƙe tsabar kuɗi, ba kowane ƙauye ke da na'urar cirar kuɗi ba. Shaguna kan rufe da tsakar rana, ranar Lahadi kuma yawancinsu ba sa buɗewa sam.

Daga Najeriya ko Nijar fa, yaya ake yi?

Babu kujera, babu ayari, kowa shi ke shirya tafiyarsa. Ana buƙatar bizar Shengen, wato bizar bai-ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai, wadda ke ba da damar zama har kwana 90 cikin 180, da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Ofishin jakadanci na son ganin inda za ka kwana, alhali mai tattaki bai cika sanin inda dare zai same shi ba, saboda haka sai ka rubuta jadawalin zango-zango ka kama ɗakunan da ake iya sokewa. Fasfonka ya kasance a jikinka kullum, kowane masauki sai ya rubuta bayanansa. Mai farawa daga Saint-Jean yakan bi ta Bayonne ya hau ƙaramin jirgin ƙasa, ko ta Pamplona ya hau mota.

Ni mace ce, zan iya tafiya ni kaɗai?

Za ki iya, kuma ba ke kaɗai ba ce: a 'yan shekarun nan mata sun ɗan fi maza yawa cikin masu karɓar takardar shaida. A manyan hanyoyi da wuya ki yi rabin awa ba ki hango wani ba. Ba a ce babu haɗari ba. A 2015 an kashe wata Ba'amurkiya kusa da Astorga, aka kama wanda ya yi aka ɗaure shi, kuma akan samu ƙorafin masu tsangwamar mata a wuraren da ba jama'a. Kada ki bar hanya mai alama, kada ki fita cikin duhu ke kaɗai, ki ajiye lambar gaggawa 112 a waya. Abin da ya fi yawan yi wa mutane lahani, maza da mata, shi ne tsallaka titin mota da rashin shan ruwa.

Idan an isa sai me?

Hanya na ƙarewa a dandalin Obradoiro, gaban majami'ar. Ba a shiga da jakar baya, sai ka ajiye ta a masauki ko wurin ajiya. Ƙarfe goma sha biyu na rana ake sujadar maziyarta, inda ake karanto ƙasashen waɗanda suka iso da wuraren da suka taso. Masu so kan hau bayan bagadi su rungumi siffar Yakubu, su sauka ƙasa su ga akwatin azurfan da ƙasusuwan ke ciki. Akwai katafaren kaskon turare mai nauyin fiye da kilo 50 da maza takwas ke jan igiyarsa yana lilo daga wannan gefen majami'ar zuwa wancan, amma ba kullum ake kunna shi ba, sai ranakun idi ko idan wani ayari ya biya.

Wasu kan ƙara kwana uku ko huɗu, kimanin kilomita 90, zuwa Finisterre a bakin Tekun Atilantika. Tsohuwar ɗabi'ar ƙona tufafi a can an hana ta saboda gobarar daji. Komawa ba wuya: akwai filin jirgin sama a bayan gari, jirgin ƙasa kuma na kai mutum Madrid cikin awa uku da wani abu. Lokacin sayen tikitin dawowa ka bar rarar kwana uku a kan lissafinka, domin kusan kowa sai gwiwa ko bororo ko ruwan sama ya zaunar da shi yini guda a wani ƙauye.